Yadda za ka warware lissafin furojektayil ba tare da haddar fomula ba

Yawancin ɗalibai haddar fomula ce ke kayar da su a wannan darasin na fiziks kan furojektayil (wato tafiyar abin da aka jefa ko aka buga a cikin iska), sai an zo WAEC ko JAMB a ɗan juya tambayar shikenan kai ya ɗaure. Alhali abin da ake so kawai shi ne ka raba tafiyar gida biyu, ta gaba daban ta sama daban, lokaci ne kaɗai ya haɗa su. Galileo ya yi bayanin haka tun 1638.

To ga misali. An buga ƙwallo da gudun mita 20 a sakan, a kusurwar digiri 30. Fara zana hoton tukuna, ko da ya yi muni ba komai. Gudun sama shi ne 20 sau sin 30, wato 10. Gudun gaba kuma 20 sau cos 30, wajen 17.3. Amma duba kalkuletarka tana kan digiri fa, in tana kan radiyan wallahi duk wahalar banza za ka sha.

Shi gudun gaba ba ya canzawa tunda a irin wannan lissafin ana mantawa da iska, na sama ne girabiti (ƙarfin da ke jawo abu ƙasa) ke ci, kowane sakan yana rage masa 10 (ainihi 9.8 ne, ka bi wanda takardar ta ba ka), kenan bayan sakan 1 gudun saman ya koma sifili, ƙwallo ta kai ƙololuwa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ɗauka ta tsaya cak, a'a, har yanzu tana tafiya gaba da 17.3 ɗinta. Tsayin da ta kai: matsakaicin gudun sama 5 (tsakiyar 10 da sifili) sau sakan 1, mita 5. Saukowa ma sakan 1, jimla 2. Nisa kuwa 17.3 sau 2, mita 34.6.

Inda masu hadda ke faɗawa rami shi ne in aka ce an jefa dutse a miƙe gaba daga saman bene mai tsayin mita 20. Nan fomular nisa da ka haddace ba ta aiki sam, don ba a tsayi ɗaya aka tashi aka sauka ba. Gudun sama na farko sifili ne, sai ka ce tsayi = ½ × girabiti × t² (t shi ne lokaci), wato 20 = ½ × 10 × t², t ya ba ka sakan 2, ka ninka da gudun da aka jefa dutsen da shi. In 15 ne, ya faɗi mita 30 daga gindin benen.