Kurakuran da aka fi yi wajen sa na'urorin tsaron dare ga masu lalurar ƙwaƙwalwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da kyamara. Ana tsoron kada mai galahanga ya fice cikin dare, ko farfaɗiya ta buge shi yana barci, sai a kafa kyamara saitin gado. Ɗakin kwana kuwa nan ne mutum ke tuɓe kaya, kuma sashe na 22 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya ba shi haƙƙin sirri kamar kowa. Ga shi kyamara ba ta tada mai gadin da barci ya sace. A fara tantance abin da ake tsoro, a nemi yardar mai ɗakin ta hanyar da zai gane, ko da hotuna ne, sannan a zaɓi na'urar da ba ta ɗaukar hoto ko murya.

Idan fita ce damuwar, na'urar ƙofa ta wadatar. Gida biyu ce: mayen ƙarfe a jikin ƙyaure, ɗayan a jikin dogaran ƙofa. Su kusanci juna sosai, ratar kada ta wuce santimita ɗaya, in ba haka ba iska kawai ta girgiza ƙyauren sai ƙararrawa ta tashi. Kwaɗo ta waje kam a manta da shi, ranar gobara tarko ne.

Na'urar farfaɗiya, irin ta kamfanin Emfit, a ƙarƙashin katifa ake shimfiɗa ta, saitin ƙirji ba wajen ƙafafu ba. Jijjiga take ji, don haka farfaɗiyar da mutum ke sandarewa ko ya yi shiru tana iya wuce ta. Jijjigar da ta kai minti 5 ta asibiti ce nan take.

Na'urar jin motsi kuma ɗumin jiki mai motsi take bi. Wanda ya faɗi a banɗaki ya kwanta shiru, a wurinta babu kowa. A haɗa ta da shimfiɗar gado mai jin nauyi, a saita ta yi ƙara in an yi minti 15 gadon ba kowa. Kada a matse lokacin ya koma minti 2, don ƙararrawar da ke tashi duk fitsarin dare, cikin mako guda mai kula zai kashe ta.

Sai batun wuta. Da an ɗauke, na'urar intanet ta mutu, saƙo ba ya isa waya. A sa mata batirin ko-ta-kwana, kuma duk wata a zare soket da gangan, wani ya tashi daga gadon, a ga ko wayar ta yi ƙara.