Yadda ake adana kakin 'yan mazan jiya da lambobinsu a gida

A gidaje da yawa daga Zariya zuwa Sakkwato, Kano zuwa Kumasi, akwai tsohuwar adaka da ke ɗauke da kayan wani kaka da ya yi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) a lokacin yaƙin duniya na biyu: rigar kaki, hular malafa, ɗamara, gorar ruwa, lambobin girma da takardar sallama. Masu su sojojin rundunar Afirka ta Yamma ne ƙarƙashin Ingila, galibi na runduna ta 81 da ta 82 da aka kafa a 1943, waɗanda suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Kayan sun kai shekara 80 yanzu. Abin da ke lalata su iri biyu ne: sauyin yanayi tsakanin damina da hunturu, da kuma hannun mai kyakkyawar niyya da ke son ya mayar da su sababbi. Na biyun ya fi ɓarna, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa.

Kafin a taɓa komai

A fara duba ko akwai abin haɗari. Harsashi, gurneti ko duk wani abin da ke kama da bam, ko da ya yi tsatsa ya daskare, ba kayan ajiya ba ne. Kada a ƙwanƙwasa shi, kada a yi ƙoƙarin kwance shi, a kai rahoto ga 'yan sanda. Doka ma ta hana riƙe harsashi ba lasisi. Kamfas na sojan Ingila na wancan zamani, da wasu agogunan hannu, an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa amma gubar tana nan, don sai bayan shekara 1,600 ƙarfinta ke raguwa da rabi. Kada a buɗe gilashinsa. A sa shi a leda mai zif, a ajiye nesa da ɗakin kwana. Abin rufe fuska na kariya daga iskar guba kuwa, matatarsa tana iya ƙunsar asbesto mai illa ga huhu, don haka ba a sa shi a fuska ko da wasa. Rigar kanta ma ba ta sawa ba ce: ɗinkin kafaɗa da hammata ne ke fara farkewa, ga kuma dokar da ta hana farar hula yawo cikin kakin soja.

Daga nan sai a shimfiɗa tsabtataccen zane a kan tebur, a wanke hannu da sabulu a bushe, ba man shafawa ba turare. A ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, har da cikin wuya da aljihu, inda ake samun tambarin kibiya na ma'aikatar yaƙin Ingila, shekarar ɗinki, da lambar sojan, wadda ta 'yan Najeriya ke farawa da NA. Bajon kafaɗa yana faɗin rundunar: baƙin gizo-gizo a kan rawaya na ta 81 ne, mashi biyu gicciye a kan gammo na ta 82. Kada a ɓalle bajo daga riga don a "adana shi daban". Darajar kayan tana cikin kasancewarsu tare.

Ba wanki, ba guga

Rigar da ta kai wannan shekarun ba a kai ta wurin mai wanki, balle wurin masu bugu. Zaren auduga ya riga ya yi rauni, ruwa kuma yana ƙara masa nauyi, rinin bajo yana zuba a kan kaki, tawadar lambar soja tana gogewa, maɓallan ƙarfe suna barin tsatsa. Ulu kuma, irin na hular malafa da jar dara da zanen naɗin ƙwauri, yana tsukewa ya dunƙule, ba ya komawa yadda yake. Sitaci abincin ƙwari ne. Dutsen guga yana dafa tsohon tabo ya zauna har abada.

Abin da ake yi shi ne cire ƙura kawai. A samo buroshi mai laushi, irin na kwalliyar mata wanda ba a taɓa amfani da shi ba, a riƙa shara a hankali ta gefe ɗaya. In akwai injin zuƙar ƙura, a rage ƙarfinsa zuwa ƙarshe, a shimfiɗa ƙyallen gidan sauro a kan rigar, a zuƙa ta samansa ba tare da bakin injin ya goga ba. Gidan sauron yana hana zare da maɓalli tafiya. Tabon gumi, na tsatsa ko na tawada, a bar shi. Farin gari ko kore da ake gani a jikin ɗamarar zare ma ba datti ba ne, hodar da sojoji ke shafawa ce don fareti.

In an tarar da fumfuna, a fitar da kayan waje, a shanya a inuwa mai iska har su bushe sarai, sannan a sa takunkumi a share. Ɗanyar fumfuna in aka goge ta, cikin zaren take shiga.

Asu da 'yan'uwansa

Ulu da fata da gashi su ne abincin asu da ƙananan ƙwaron da ke cin darduma. Ba wanda ke tashi ne mai ɓarnar ba, tsutsarsa ce, kuma tana son duhu da wurin da gumi ya taɓa: wuya, hammata, zagayen cikin hula. Alamarta ita ce 'yan ramuka, zare kamar saƙar gizo, ko gari mai kama da yashi a ƙasan adaka. Kyankyaso da gara da ɓera kuwa ba su bar auduga da takarda ba.

Hanya mafi tsabta ta kashe su ita ce sanyi. A naɗe kayan da farin ƙyalle, a sa a leda mai kauri, a matse iskar a rufe ruf, a sa a firiza mai kai digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Sharaɗin shi ne wuta kada ta yi ta ɗaukewa. In firizar tana narkewa tana sake daskarewa, ƙwan ba zai mutu ba. Bayan an fitar, a bar ledar a rufe awa 24, don raɓar ta taru a bayan leda maimakon jikin riga.

Wanda ba shi da tsayayyiyar wuta yana da rana. Ƙwari da ƙwansu suna mutuwa in zafi ya kai digiri 55 ya kuma zauna a haka kamar awa shida. A watan Maris ko Afrilu, a naɗe rigar da ƙyalle ninki biyu, a sa a baƙar leda a ɗaure, a ɗora a kan katako ko raga don kada ƙasa ta janye zafin, daga hantsi zuwa la'asar. Ƙunshin kada ya yi kauri, saboda zafi ya ratsa tsakiya. Wannan na tufafi ne kaɗai. Fata, roba, takarda da hotuna ba sa shiga. Kuma ba shanya a fili ake nufi ba, don hasken rana kai tsaye yana koɗar da launi.

Kafur da fiya-fiya da maganin feshi duk a nesanta su. Kafur yana shiga zare, yana narkar da wasu maɓallan roba, ga illa ga ƙananan yara. Ganyen darbejiya yana ɗan korar ƙwari amma ba ya kashe ƙwai. In za a sa, a ƙulle busasshensa cikin ƙyalle yadda ba zai taɓa kayan ba.

Akwati da wurin ajiye shi

Laimar da ake so tsakanin kashi 45 ne da 55 cikin ɗari. Daga 65 zuwa sama fumfuna da tsatsa suke farawa, abin da ake samu a Agusta. A hunturu kuma takan faɗi ƙasa da 20 a arewa, fata ta bushe ta tsage. Ba wanda zai iya daidaita gida gaba ɗaya, amma ana iya daidaita akwati ɗaya.

Akwatin roba mai murfi mai kamawa ya fi. A duba ƙasansa: in an rubuta 5 ko 2 cikin alamar kusurwa uku, ya yi, in 3 ne, a bar shi, don irin wannan robar tana fitar da asid. Adakar ƙarfe tana hana ɓera da gara, sai dai tana tsatsa, don haka a shimfiɗe cikinta da ƙyalle. Sabon katako, musamman falanki na matse, yana fitar da tururin da ke cin ƙarfe da zare. Kwali da jarida suna mayar da kaki rawaya.

Ƙyallen naɗi shi ne alawayyo ko akoko, a wanke shi sau biyu, a ɗauraye sosai, ba sitaci ba bula. A shimfiɗa rigar a kwance da ninki kaɗan iya yiwuwa, a kowane ninki a tura naɗaɗɗen ƙyalle mai kaurin hannu, saboda a kan karin ninki zare ke karyewa. Hannun riga da kafaɗa ma a ɗan cusa musu. Mai nauyi a ƙasa, kada ya wuce riga biyu ko uku, da ƙyalle a tsakani. Hanga ta waya tana huda kafaɗa tana barin tsatsa. In dole sai an rataye, a naɗe faffaɗar hanga da auduga a lulluɓe da ƙyalle, a kuma rufe rigar da jakar zane maimakon ledar masu wanki. Hular malafa a cika cikinta da ƙyalle ta zauna a kansa, kada nauyinta ya hau gefenta.

Da shigowar damina a sa ƙwayoyin silika masu shan laima, irin waɗanda ake gani a kwalin sabon takalmi. 'Yan ƙananan fakitin ba sa isa: akwati mai lita 60 yana bukatar wajen kilo ɗaya, cikin jakar ƙyalle. In sun ƙoshi a gasa su a oven, digiri 120 na awa biyu, su huce a rufe kafin a mayar. Da hunturu ya kama a cire su. Ƙaramin ma'aunin laima na batir a cikin akwatin shi zai faɗi gaskiyar abin da ke faruwa.

A ɗaga akwatin santimita 15 daga ƙasa, a janye shi kaɗan daga bango, a ɗakin da ke tsakiyar gida. Ba saman wadirof ƙarƙashin rufin kwano ba, ba kusa da banɗaki, kicin ko janareto ba. Ɗakin da ake yawan turaren wuta ma bai dace ba, hayaƙin yana barin maiƙo.

Lambobi, maɓallai da fata

Tauraron Bama mai tsini shida ne, na gaurayen tagulla, ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe. Yawanci yana tare da tauraron 1939 zuwa 1945 da lambar yaƙi mai zagaye. Kada a goge su da Brasso, toka, lemon tsami ko man goge baki. Kowace guga tana cin zanen, kuma duhun da ƙarfen ya yi shi ne ke kare shi. A riƙe ta gefe, a share da busasshen ƙyalle. Ƙyallen lambar ko ya koɗe a bar shi. In ana son sabo don fita, a ajiye na asali. Lambobi ba sa kwana a jikin ulu ko kusa da robar ɗauri, saboda duka biyun suna fitar da sinadarin da ke baƙanta ƙarfe. Kowace a naɗe ta daban.

Inda tagulla ta haɗu da fata, kamar kan ɗamara, wani koren maiƙo yakan fito. A kankare shi da tsinken sakace, a goge da auduga da ɗigon sifirit a kan ƙarfen kaɗai, sannan a tura ɗan ƙyalle tsakaninsu. Haka ma maɓallan riga: a zagaye kowanne da ɗan ƙyalle ta ƙasa. Adda ko banati (wuƙar bakin bindiga) a zare shi daga kube, a shafa man keken ɗinki kaɗan, a ajiye kusa da kuben amma ba a ciki ba. Sanfefa ba ta taɓa shi.

Fata ita ce aka fi cuta. Man kaɗe, man gyaɗa da basilin suna tausasa ta na wata ɗaya, daga nan ta yi baƙi, ta yi danƙo, ɓera ya biyo ƙamshi. Takalmin da ba za a sake sawa ba ba ya bukatar laushi. A share shi, a cusa ƙyalle ya riƙe siffarsa. In fatar tana zubar da jan gari, ta fara ruɓewa ne, mai ba zai dawo da ita ba. A rage taɓa ta kawai. Gorar ruwa a cire murfinta ta bushe.

Takardu

Galibin lambobin Ingila na wancan yaƙin ba a rubuta suna a jikinsu ba, don haka takardar sallama ce ke haɗa lamba da mai ita. Kada a kai ta lamineshan, zafi da gam suna shiga takardar kuma ba a iya ɓarewa. Salatif ma haka. A cire fil da ƙusar takarda masu tsatsa, a sa kowace takarda a kwance tsakanin fararen takardu, a yi hoto da kwafi don nuna wa baƙi. Sunan sojan, garinsu, lambarsa da abin da tsofaffin gida suka sani, a rubuta da fensir a takarda daban a sa cikin akwatin.

In za a fito da kayan don ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu a Najeriya, a ajiye su nesa da taga, a mayar bayan kwana kaɗan. Dubawa kuwa sau uku a shekara ta isa: a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a tsakiyar Agusta, da kuma Nuwamba. A buɗe ninki, a leƙa ƙarƙashin wuya da cikin aljihu, a girgiza ƙyallen ƙasa a kan farar takarda a ga ko gari zai zubo. Sau ɗaya a shekara a sauya wurin ninkin.