Yadda Ake Gano Rarar Tsabar Kuɗin Kamfani Daga Takardar Shige da Ficen Kuɗi

Mai injin casar shinkafa a Kura ko Haɗejiya yana iya rufe shekara da riba mai kauri a littafi, kaka ta zo kuma ya rasa na sayen shanshera. Dalili shi ne ribar littafi tana ƙirga har kayan da aka bayar bashi. Abin da ke nuna ƙarfin kamfani shi ne rarar tsabar kuɗi, wato abin da ya saura a hannu bayan an gudanar da sana'a an kuma sayi kayan aikin da take buƙata.

Takardar shige da ficen kuɗi da akanta ke fitarwa kashi uku ce: kuɗin gudanar da sana'a, kuɗin zuba jari, sai na rance da masu hannun jari. Kafin komai a duba saman shafi. Idan an rubuta N'000, kowace lamba sai an ƙara mata sifili uku. Lambar da ke cikin baka biyu kuɗi ne da ya fita.

A ɗauki jimillar ƙarshe ta kashi na farko. A shiga kashi na biyu a nemo layin sayen injuna, gine-gine, fili da motoci kaɗai, a debe shi daga waccan jimilla. Lissafin ke nan.

Inda ya kamata a tsaya a natsu shi ne yadda jimillar farko ta samu. A ce kamfani ya ci ribar naira miliyan 18. An rage miliyan 4 na tsufan injuna a lissafin riba, alhali ko kwabo bai fita ba, don haka a mayar da shi: 22. Bashin da ke wajen dillalan Dawanau ya ƙaru da miliyan 6, saura 16. Buhunan da ke jibge a sito sun ƙaru da na miliyan 5, saura 11. Manoman da suka kawo shanshera ba a biya su ba tukuna suna bin ƙarin miliyan 2, ya koma 13. A shekarar an sayi injin cire tsakuwa da janareta kan miliyan 9. Rara ta zama miliyan 4 kacal, daga ribar 18. Ko wannan miliyan 2 na manoma ba abin dogaro ba ne, gobe za su zo karɓa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar jimillar kashi na biyu gaba ɗaya. Idan an sayar da tsohuwar mota ko fili, kuɗin yana nan ciki, sai ya rufe girman abin da aka kashe, kuma baɗi ba za a sake sayar da filin ba. Rancen banki ma ba ya shiga, komai yawansa.

A leƙa kashi na uku duk da haka. Wasu kamfanoni a can suke ajiye kuɗin ruwan rancen da suka biya, haka ma kuɗin hayar sito ko mota ta dogon zango, tun da aka canza ƙa'idar lissafin haya a 2019. In an gan su a can, a ganinmu a debe su daga rarar, tunda ba makawa sai an biya.

Kada a yi hukunci da wata uku. Lokacin girbi kuɗi fita yake yi ana cika sito, sai daga baya ya dawo. A haɗa wata goma sha biyu, a jera shekara uku. Rara ta faɗi ƙasa da sifili saboda sabon inji ba abin tsoro ba ne. Amma idan bashin dillalai yana girma fiye da ciniki shekara biyu a jere, a nemi jerin sunayen masu bashin da ranar da kowa ya karɓi kaya.