Yadda Za a Zubar da Allurai da Ragowar Magunguna Ba Tare da an Cutar da Kowa Ba

Duk mai aiki a asibiti ko ɗakin shan magani na unguwa ko kemis, da mai jinyar mai ciwon sukari a gida, ya kamata ya san cewa sharar da ke fita daga hannunsa ba iri ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da haɗari, sauran kashi 15 ɗin ne ke ɗauke da cuta ko guba. Da zarar an cuɗa su a kwando ɗaya kuwa, dukkansu sun gurɓace. Saboda haka rarrabewa nauyi ne a kan wanda ya yi amfani da kayan, a daidai lokacin da ya gama, tun kafin mai shara ya iso.

Allura ce ta fi buƙatar kulawa. Kada a mayar mata da murfi bayan an yi amfani da ita, domin a nan ne ma'aikata sukan soke yatsunsu sau da yawa. A jefa ta tare da sirinjin cikin akwatin kwali mai kauri da aka tanada, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, kada a danna da hannu don neman ƙarin wuri. A gida, galan mai kauri da murfi zai wadatar, sai a kai shi asibiti idan ya kusa cika. Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, a Kano bola ba ta rabuwa da mutane: 'yan bola-jari suna tona ta da hannu, yara kuma sukan tsinci sirinji su riƙa fesa wa juna ruwa da shi, alhali yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ko ta ƙanjamau.

Wanda allura ta soke shi ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya matse ko ya tsotsa, sannan ya garzaya asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau dole ne a fara shan sa cikin awa 72.

Auduga da bandeji da safar hannu masu jini suna shiga leda rawaya, sharar yau da kullum kuma baƙar leda. A ɗaure bakin ledar kafin ta cika, a ɗauke ta da safar hannu mai kauri, ba a rungume ta a jiki ba. Ƙona ledar ƙarin ruwa da robobi a bayan gida kuskure ne, domin hayaƙinsu guba ne ga maƙwabta.

Maganin da wa'adinsa ya ƙare a sauke shi daga kanta nan take, a rubuta sunansa da adadinsa, a kulle shi daban. Kada a tuttule shi a kwata ko masai, musamman magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tunda ruwan kwatocin birnin Kano da yawa a kogin Jakara yake ƙarewa, kuma da shi ake ban-ruwan lambu. Masu kemis da asibitoci su sanar da hukumar NAFDAC, wadda ke sa ido a kan lalata irin waɗannan magunguna. A yage kwalayen, a kankare rubutun jikin kwalabe, don kada masu jabu su sake cika su su mayar kasuwa.