Tsohon Jirgin Haɗawa Mai Sauka a Ruwa: Yadda Za Ka Gane Na Haɗawa Ne Ko Na Ajiya

Kano ta daɗe da sanin jirgin sama. Tun a 1925 jirage suka sauka a nan, sa'ad da wasu guda uku na sojojin Ingila suka taso daga Masar. Amma jirgin da ke tashi daga ruwa ya sauka a ruwa, wannan mutanen bakin teku ne suka san shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an girke irinsu a Apapa ta Legas, samfurin Catalina da Sunderland, suna sintiri a kan teku suna farautar jiragen Jamus masu nutso. Mu dai ba mu cika ganinsu ba sai a jikin kwali: ɗan ƙaramin samfurin roba da ake sayarwa gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya haɗa da gam ya yi masa fenti.

Irin wannan kwali kan ɓullo a cikin kayan gwanjo na Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, ko a ƙasan akwatin wani dattijo da ya yi karatu a Ingila tun ana kashe sulai. Wanda ya tsince shi sai ya rasa ta cewa. Ya haɗa, kada ya lalata abu mai daraja. Ya ajiye, ga zuciya na ƙaiƙayi. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi lamarin.

Da farko, naka ne?

Idan saya ka yi, wuce gaba. Idan kuwa a kayan mamaci ka same shi, to dukiyar magada ce komai ƙanƙantarta. Nuna wa yayyenka da ƙannenka, su yafe maka ko a yi masa kuɗi a sa cikin rabo, kafin reza ta taɓa shi.

Na biyu, karanta kwalin kafin ka taɓa cikinsa

Kada ka yage leda, kada ka ɓamɓare takardar farashi, kada ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare da wayarka, sannan ka nemi abu uku: sunan kamfani, lambar kayan, da ma'auni.

Ma'aunin shi ne lambar da za ka ga an rubuta kamar 1/72 ko 1/48. Wato an rage jirgin gaske sau 72 ko sau 48. Fukafukan Catalina sun kusa mita 32 daga wannan baki zuwa wancan, saboda haka a 1/72 za ka sami abu mai faɗin santimita 44. Sunderland ya ɗara haka kaɗan, wajen 48. Ka sa wannan a ranka, domin jirgin da ya kusa rabin mita ba a kan talabijin zai zauna ba.

Sunan kamfani kuwa shi ne rabin amsar. Airfix ta Ingila ta fara fitar da jiragenta na roba a shekarun 1950, ta kuma sayar da su birjik, har a cikin leda mai ɗan kwali a baki, a kan sule biyu. Matchbox ta shigo a farkon shekarun 1970, ana gane kayanta da roba mai launi biyu ko uku a kwali ɗaya. Akwai Revell da Monogram na Amurka, akwai Hasegawa da Tamiya na Japan. Sai Frog, wadda ta rufe a 1976, aka kai yawancin ƙarafan zubinta Tarayyar Sobiyet aka ci gaba da bugawa da sunan Novo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tsufan zubi daban, tsufan kwali daban. Ƙarfen da ake zuba roba a ciki yana shekaru hamsin yana aiki. Sunderland ɗin Airfix ya fito tun wajen 1960, amma an yi ta sake buga shi a sababbin kwalaye shekara da shekaru. Ko a 'yan shekarun nan kamfanin na sake fito da tsofaffin samfurorinsa a ƙarƙashin sunan Vintage Classics, da hoton kwalin da. Saboda haka robar da ke hannunka ba lallai ta yi wuyar samu ba. Abin da masu tarawa ke zuba wa kuɗi shi ne bugun farko, a kwalinsa na asali, ba tabo. Sa sunan kamfani da lambar a shafin Scalemates, zai jero maka kwalayen da samfurin ya fito a ciki da shekarunsu, ka ga inda naka ya faɗo.

Akwai guda ɗaya da zan ce maka ka janye hannu tun daga nan. Idan ka ga an rubuta Frog Penguin, ka riƙe abin tarihi. Su ne suka fara jiragen haɗawa na roba a 1/72, tun 1936, da wata irin roba ta da wadda ke lanƙwashewa da kanta in ta tsufa. Wannan ba na haɗawa ba ne.

Na uku, duba ciki, amma sai in dama a buɗe yake

Idan a liƙe yake tun daga kamfani, bar shi tukuna. Ka dai sani cewa leda ba shaida ba ce, kowa na iya sake naɗe kwali.

Idan an riga an buɗe, shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ka kashe fanka, ka juye kayan a hankali. Bi takardar bayani lamba-lamba ka ƙirga. A irin wannan jirgi, abin da ya fi ɓacewa su ne siraran sandunan da ke riƙe fukafuki da 'yan kwale-kwalen ƙasa, da farfela, da gilashin ɗakin matuƙi. Sanda ana iya sassaƙa wata. Gilashi in ya ɓata, ka shiga uku. Duba ko wani ya taɓa fara aikin ya watsar: alamar busasshen gam, fenti, ko ɓangaren da aka cire daga reshensa, wato sandar robar da ɓangarorin ke zuwa a maƙale da ita. Da zarar ka ga haka, zancen ajiya don daraja ya ƙare, sai haɗawa.

Sai takardar tambura, wato alamomi da lambobin da ake jiƙawa a ruwa a manna a jikin jirgi. Ita ce ke fara mutuwa. Ɗaga ta a haske ka karkata: in ka ga ta yi ɗorawa-ɗorawa ko ta yi 'yan tsage kamar gashi, ka san akwai aiki a gaba.

Na huɗu, nemi kuɗinsa na gaskiya

A eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama. Kada ka kalli na masu tallatawa, nemi jerin waɗanda aka riga aka sayar, irin naka, a irin kwalinka. Daga abin da ka gani cire kuɗin aika babban kwali daga Kano zuwa Turai, da la'adar shafi, da wahalar karɓar kuɗin. Sau da yawa abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. A cikin gari kuma masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa, ɗan gwanjon da ya sayar maka ma a kayan wasan yara ya lissafa shi.

Na biyar, sa yanayin Kano a lissafi

Shawarar da masu wannan sha'awa a Ingila ke ba juna ta "ajiye shi kawai" an yi ta ne don gidaje masu sanyi. A nan, a watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40 a ma'auni, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Dogon fiffike da wani abu ya danne a cikin kwali zai lanƙwashe a hankali. Hunturu ya busar da tambura su tsattsage, ƙura ta shiga ko'ina. Damina ta zo da laima, takardu su manne da juna, kwali ya yi fumfuna. Gara kuma ba ta san bugun farko ba. Kwalin da aka jefa saman sif aka manta da shi, darajarsa zubewa take kowace shekara ko ba a taɓa shi ba.

To ga hukuncina. Idan bugun farko ne, a liƙe ko cikakke, kwali lafiyayye, kuma ka ga shaidar ana sayensa da tsada, ajiye shi da kyau ko ka sayar wa wanda zai iya. In kuma son haɗawar ya hana ka sukuni, sa ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya taho maka da sabon bugu na samfurin, ka huce a kansa. Duk abin da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma mafi yawa ba su cika ba, a haɗa shi. Don haka aka yi shi.

Idan ajiyewa za ka yi

Cire duk robar ɗaure kuɗi da aka zagaya a jikinsa, zafi na narkar da ita ta manne wa kwali. Ware takardar tambura ka sa ta a leda mai zif ita kaɗai, a miƙe. Sa kwalin duka a cikin babbar roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. A ɗaki na ciki, nesa da bango mai tsatsafo, ba a ƙasa ba, ba kuma dab da rufi ba. Kada ka ɗora masa nauyi.

Sannan kafur. Iyayenmu mata ba sa rufe akwati ba tare da shi ba, kuma ga tufafi daidai ne. Amma tururinsa na cin irin wannan roba, ya sa ta yi laushi ko ta dusashe. Haka ma maganin sauro na feshi. A raba su. Buɗe ka duba a farkon damina da ƙarshenta.

Idan haɗawa za ka yi

In ba ka taɓa yi ba, kada ka fara da shi. Ƙwarewar motar kara ta yarinta za ta taimaka, amma jirgi mai kwale-kwale da sanduna na cikin masu wuyar sha'ani. Samu ƙaramin samfuri mai araha ka lalata shi tukuna.

Ɗauki hoton takardar bayani da ta tambura kafin komai. Wanke robar da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke, ta bushe a inuwa. Kada ka murɗe ɓangare daga reshe da hannu, tsohuwar roba na da saurin karyewa. Yi amfani da abin yanke farce, ka gyara bakin da reza da samfefa mai laushi. Idan fiffike ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ka miƙar da shi a kan gilashi ko tayil, ka danne har ya huce.

Bututun gam da ka tarar a kwalin ya daɗe da zama dutse. Gam ɗin da aka yi don wannan roba narkar da bakin ɓangarorin yake yi su zama ɗaya, shi ya fi, in za ka iya sa a kawo maka. In babu, sufa gulu zai yi, amma ɗigo-ɗigo da tsinken sakace, kuma kada ya kusanci gilashi don yana sa shi ya yi fari. Gilashi sai farin gam na kafintoci. Gwada kowane ɓangare a bushe kafin ka sa gam, domin tsofaffin zubi ba su cika haɗuwa tsaf ba.

Wurin da aikin ke ɓaci shi ne ƙasa. Waɗannan jirage iri biyu ne: wanda cikinsa ne kwale-kwalen, kamar Sunderland da Catalina, da wanda ke tsaye a kan kwale-kwale biyu, kamar Supermarine S.6B da ya ci gasar Schneider, ta tseren jirage masu sauka a ruwa, a 1931. Na biyun ya fi ba da wuya. Zana layi biyu a jere a kan kwali, ka kafa kwale-kwalen a kansu da salatif, ka tabbata tazararsu ɗaya gaba da baya, sannan ka sauko da gangar jikin a kan sanduna, ka tallafe ta da akwatunan ashana har gam ya kama. Bar shi ya kwana. Kada ka ɗaga don ka gani. Wayoyin da ke tsakanin fukafuki, siririn zaren fatsa ya ishe su.

Fenti mai narkewa da ruwa ya fi sauƙi, shafi biyu ko uku marasa kauri. Tinar masu fentin mota kada ta taɓa shi, cinye roba take. A hunturu fenti kan bushe a bakin burushi, ƙura kuma ta zauna a kan ɗanyen shafi, saboda haka yi aikin da sassafe, ka kifa roba a kansa da ka gama.

Tambura kuwa, fara gwada guda ɗaya wanda ba ka buƙata. In ya wargaje a ruwa, shafa wa sauran siririn banish marar launi a kan takardar, ya bushe, sannan ka yanka kowanne dab da bakinsa kafin ka jiƙa. Waɗanda suka yi ɗorawa, sa su a leda ka manna a jikin gilashin taga na wasu kwanaki, rana na rage launin. Ranarmu ta fi ta Turai ƙarfi, don haka ka riƙa dubawa kullum, kuma taga mai samun hantsi ta fi mai samun ranar azahar.

In an gama, nemi mai aikin gilashi da alminiyom ya yanka maka akwatin da ya fi fukafukan faɗi da yatsu huɗu kowane gefe. Ka kuma gaya wa yaran gida tun wuri cewa jirgin nan ba ya tashi, ba ya iyo, kada wani ya kai shi baho ya gwada. Kwalin da takardar bayani kada ka yar, akwai masu sayen su ko babu komai a ciki.