Yadda Za Ka Ba Da Jinga Ka Kuma Duba Ta Da Google Classroom

Duk malamin da ya taɓa raba ɗalibai rukuni-rukuni ya ba su jinga ya san inda zancen ke ƙarewa. Mutum takwas ne a rukuni, biyu suka yi aikin, shida suka haɗa kuɗin bugawa a shagon kwamfuta, aka jera sunaye takwas a bango, kowa ya tashi da maki iri ɗaya. Malam ya sani, su ma sun san ya sani, amma babu hujja. Wannan damuwar ce ta kai ni ga Google Classroom, manhajar ba da jinga da karɓarta ta intanet, da Google Docs, manhajar rubutu da mutane da yawa ke iya aiki a takarda ɗaya. Tun 2014 aka fito da Classroom, amma yawancinmu ba mu waiwaye shi ba sai da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya cikin watan Maris na 2020. Da aka koma aji, mutane da yawa suka jingine shi. Ni ban jingine ba, ga kuma yadda nake bi.

Kafin ka taɓa waya

Fara da sanin halin ɗalibanka. Wa ke da babbar waya tasa ta kansa, wa ke aron ta gida, wa ba shi da hanya ko kaɗan? Kada ka ce a ɗaga hannu. Yaro ya gwammace ya yi maka ƙarya da a yi masa dariya a cikin aji. Raba musu 'yan takardu kowa ya rubuta ya naɗe ya miƙo. Da wannan amsar za ka tsara rukunai, ta yadda kowane rukuni zai samu aƙalla wayoyi biyu, ba a tara masu hali wuri guda a bar marasa hali su kaɗai ba.

Sai batun asusu. Kowane ɗalibi yana bukatar adireshin imel na Google, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce yaron da bai kai shekara 13 ba ba ya buɗe nasa na kansa. Haka nan idan ka zo buɗe aji da asusunka, za a sanar da kai cewa makarantar da ke son amfani da Classroom da ɗalibanta sai ta yi rajistar Google Workspace for Education, wato tsarin Google na makarantu, wanda matakinsa na farko kyauta ne ga makarantun da suka cika sharuɗɗa. Don haka ka samu shugaban makaranta ku tattauna tun da wuri, ta nan ne ake buɗe wa ƙananan yara asusu a ƙarƙashin kulawar makaranta. Abu ɗaya da nake nanata wa ɗalibai: kowa ya sa sunansa na rajista. In ba haka ba za ka buɗe jerin sunaye ka tarar da "Gimbiyar Mata" da "Autan Hajiya", ka rasa wa za ka ba maki.

Buɗe aji

Wannan ba ya cin minti biyar. Sauke manhajar Classroom, taɓa alamar tarawa, zaɓi inda aka rubuta Create class, ka sa sunan ajin da darasin. Manhajar za ta ba ka 'yar gajeriyar lamba ta haruffa da alƙaluma. Rubuta ta a allo. Ɗalibi zai taɓa alamar tarawa a tasa wayar, ya zaɓi Join class, ya shigar da lambar. Ku yi wannan tare a cikin aji, rana ɗaya, wanda ya gane ya nuna wa na kusa da shi. Idan kowa ya shiga, je ka wajen saiti ka kashe lambar don kada ta faɗa hannun baƙo.

Kana can kuma ka gyara wani abu: taƙaita wanda ke iya wallafa saƙo a shafin farko. Ka bar wa ɗalibai damar yin tsokaci kawai. In ka bar ƙofa a buɗe, kafin mako ya zagayo shafin ya cika da barka da Juma'a da tallan atamfa, sanarwarka ta nutse a ƙasa kamar yadda take nutsewa a zauren WhatsApp.

Ba da jingar

Shiga shafin Classwork, taɓa alamar ƙirƙira, zaɓi Assignment. Sa take, rubuta umarni a taƙaice, faɗi yawan makin da ranar miƙawa. Sannan ka liƙa takardar Google Docs da ka riga ka shirya. A nan ne sababbin shiga suka fi tuntuɓe, domin za a ba ka zaɓi uku: ɗalibai su karanta kawai, ko duka su yi rubutu a takarda ɗaya, ko a yi wa kowa kwafinsa. Idan aikin na mutum ɗai-ɗai ne, na ukun za ka zaɓa, kuma dole ka zaɓe shi kafin ka tura jingar, don bayan ta tafi ba ya sake bayyana. Na taɓa kuskure na zaɓi na biyu, aji guda suka afka wa takarda ɗaya, wannan na rubutu wancan na gogewa, sai da na janye aikin na sake turawa.

Aikin rukuni shi ne inda manhajar ta fi amfani, don haka bari in tsaya a kansa. Yi wa kowane rukuni takardarsa daban. Kada ka ba su farar takarda. Idan, misali, jingar a kan sana'ar rini ce, raba ta kashi-kashi: kayan aiki, matakan haɗa baba, hira da marini, matsalolin sana'ar a yau, ka bar gurbi a gaban kowane kashi su rubuta sunan wanda ya ɗauka. Wajen turawa, cire alamar da ke kan "duk ɗalibai", zaɓi 'yan rukunin kawai, ka ba su damar rubutu. Haka za ka maimaita wa sauran rukunai. Da ɗan ɗaukar lokaci a karon farko, amma tun ran gini tun ran zane.

Ribar tana cikin tarihin takardar. Buɗe ta a kwamfuta, shiga File, ka nemi Version history. Za ka ga wanda ya rubuta me, da rana da lokaci, kowa da launinsa. Wanda bai ɗiga ko harafi ɗaya ba zai fito fili, haka wanda ya zubo shafi guda cikin daƙiƙa ɗaya. Ka gaya musu tun farko cewa kana ganin wannan. Sanin hakan kaɗai yana tayar da masu kwanciya. Amma ka yi adalci. Ɗalibar da ta yi rubutu da wayar ƙawarta, aikinta zai fito da sunan ƙawar, sai dai in ta shiga da nata asusun, don haka koya musu yadda ake sauya asusu a waya ɗaya. Wanda kuma ya zubo rubutu lokaci guda, wataƙila a wani wuri ya rubuta saboda rashin sabis. Kira shi ka yi masa tambaya biyu a kan abin da ya rubuta kafin ka yanke hukunci.

Ga masu koyar da Hausa, ku sa ɗalibai su ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard domin su samu ƙ da ɗ da ɓ. Ba ƙaramin abu ba ne a rubuta baki a inda ake nufin baƙi, ko kafa a maimakon ƙafa.

Dubawa da mayarwa

Kada ka jira ranar ƙarshe. Leƙa takardun ana tsakiyar aiki, zaɓi jimlar da ke da matsala, ka ajiye tsokaci a gefenta. "Ina ka samo wannan?" ko "Kawo misali" ya fi jan biro a ƙarshe amfani, domin yaro yana da sauran lokacin gyara. Da zarar ɗalibi ya miƙa kwafinsa na aikin mutum ɗai-ɗai, ba zai iya taɓa shi ba sai ya janye miƙawar ko ka mayar masa. Shi ma makin da ka sa ba ya ganinsa sai ka taɓa Return. Malamai da yawa suna gama duba aiki su manta da wannan, ɗalibai na can suna jira. Gyaran da zai iya kunyata yaro kuwa, ka aika shi ta wurin saƙon da ke tsakaninku ku biyu kawai.

Data da wuta

Duk tsarin da bai yi la'akari da waɗannan biyun ba zai rushe a mako na biyu. Guji liƙa bidiyo in rubutu zai wadatar. Nuna wa ɗalibai yadda ake ajiye takarda a manhajar Docs ta yadda za a iya aiki a kanta ba tare da intanet ba. Sabis na dawowa rubutun zai hau da kansa. Lissafi da zane a yi su a littafi, a ɗauki hoto a wuri mai haske a tura. Ka ba da wa'adi mai faɗi, kwana biyar ko mako, kuma kada ka rufe karɓar aiki da cikar lokaci. Manhajar za ta nuna maka wanda ya makara, kai ne za ka bincika ko lalaci ne ko unguwarsu ce ta kwana uku babu wuta. Wanda ba shi da waya sam, karɓi nasa a takarda, ka ba shi maki daidai da kowa.

Idan zangon karatu ya ƙare, kada ka goge ajin, adana shi za ka yi ta hanyar Archive. Ayyukan ɗalibai suna nan a cikin Drive, wato ma'ajiyar Google ta intanet, sai dai ka lura da wurin ajiya, domin asusun kyauta da mutum ke buɗe wa kansa gigabait 15 ne, kuma hotuna ne suka fi cinye shi. Zango mai zuwa in ka buɗe sabon aji, nemi Reuse post ka ɗauko tsohuwar jingar, ka gyara umarnin da ya rikita 'yan bara, ka sa sabuwar rana ka tura.