In an killace naka a asibiti, ga yadda za ka yi

Ranar da aka ce ƙanena sanƙarau ne, farkon 2023 lokacin da cutar ta yi ƙamari nan jihar Damagaram ga sanyi ga ƙura, aka shiga da shi ɗakin killacewa aka ce kowa ya tsaya waje, wallahi tsohuwarmu zaman dirshan ta yi bakin ƙofa, ita a ganinta wanda aka raba da dangi ai an gama da shi ke nan. To ga abin da na koya ko zai amfani wani.

Ka fara neman majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin, ka gaishe shi da ladabi, ka ce ranka ya daɗe kwana nawa zai yi shi kaɗai? Don kowace cuta da nata. Sanƙarau in an fara pikir, wato allurar maganin ceftriaxone, aka yi awa 24 galibi ya bar yaɗuwa, mashaƙo wajen kwana 2, tarin fuka ne mai jan rai, shi magani ma wata 6 ne. In maras lafiya ya san ranar fita hankalinshi ya fi kwanciya.

Ka bar mishi salula ƙarama mai riƙe wuta, da kiredi, da butarshi da kwanonshi shi kaɗai. Abinci kunu ko fura mai ruwa-ruwa, ka miƙa wa infirmiye a ƙofa, kwanon in ya fito a wanke da sabulu da ruwan jabel. Kuɗin ordinas kuma su kwana a aljihunka, ana iya rubuto magani ƙarfe biyun dare.

Amma abin da ya fi cin ran ƙanena ba zazzaɓin ba ne, ya ce min duk mai shigowa fuska rufe da takunkumi, idanu kawai yake gani, bai san wa ya zo jiya wa ya zo yau ba, har wata ta ce mishi “sannu ɗan uwa, ni ce ta jiya” ta ɗan tsaya ta gyara mishi matashi, ya ce nan ne ya ji shi mutum ne. Saboda haka ka koya ma naka ya buɗe baki. Namu, serom ɗinshi, wato ruwan da ake ƙara mishi, ya ƙare cikin dare ya yi shiru har asuba wai kunya, alhali infirmiyen da ke gadin dare ita kaɗai ce da gadaje da yawa, in ba ka kira ba ina za ta sani? Fitsari, haske yana damun ido, ciwon kai ya ƙaru, duk a faɗa.

Masu zuwa dubiya a ba su haƙuri su kira ta waya, kar a saci jiki a shiga, kar kuma a kai jiƙo a ɓoye. In an sallame shi ku koma a duba kunnenshi, sanƙarau kan taɓa ji, namu sai da aka yi sati uku muka lura na hagu ya yi nauyi.